Sabon hannu ne ni a sassaƙar baka: da me ya kamata in rufe bayansa?

Ɗan_Kofar_Guga:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin sassaƙar baka, domin ni sabon hannu ne. Na sayi busasshiyar sandar marke a wurin wani masassaƙi a nan cikin Katsina, tsawonta inci 66, kuma miƙaƙƙiya ce daidai gwargwado. Damuwata ita ce da gizago ya cire mata ɓawo, gizagon kuwa ya ci naman itacen a wurare da dama a gefen da nake so ya zama bayan bakan, wato gefen da zai kalli abin harbi, ga kuma ɗan gurbin reshe a ɓangaren sama. Na ji ana cewa idan aka manna wa bayan baka ɗanyar fata, ko jijiya, ko yadi, ko tsagin gora, ba ya saurin karyewa. Ba farauta nake nufi ba, koyon saiti kawai nake so in riƙa yi a gona, saboda haka bakan da ƙarfin jansa bai wuce kilo 15 ba ya ishe ni. Wanne ne ya fi dacewa da mai koyo, kuma da wane gam ake mannawa?

Kafinta_Sabon_Layi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka fara da yadi da farin gam irin wanda muke haɗa katako da shi, domin shi ne mafi arha, kuma idan aikin bai yi kyau ba ana iya kankare shi a sake. Ka bi bayan sandar da wuƙa da samfefa har sawun gizagon ya ɓace, ka kuma kashe kaifin gefunan su ɗan yi zagaye, saboda daga kaifin gefe sartse yake fara tashi. Sai ka shafa gam, ka shimfiɗa yadin, ka ƙara wani gam a kansa har ya ratsa shi, kana bi da yatsa kana korar iska. Bayan kwana biyu ka yanke abin da ya yi saura a gefe.

Maharbin_Zango:
Yaro, ni dai tun da na tashi a gidan farauta ban taɓa ganin an manna wa baka wani abu a baya ba, kuma bakunkunan da iyayenmu suka bari har yau ana ɗaura musu tsirkiya. Aikin yana wurin zaɓen sanda. Ana neman dargaza ko ɗunɗu miƙaƙƙe, a sare shi, a bar shi ya bushe a inuwa, a cire ɓawon a hankali da wuƙa, sannan a bar fuskar da ke ƙarƙashin ɓawon yadda Allah ya halicce ta, ba a taɓa ta da ƙarfe. Sandar da gizago ya riga ya sassare bayanta ta zama ƙotar fartanya. Shawarata ita ce ka nemi wata.

Malamin_Kimiyya_KT:
Allah ya ƙara wa Baba Maharbi lafiya. Maganarsa gaskiya ce, kuma dalilinta ne zai taimaki mai tambaya ya yanke hukunci da kansa. Idan aka ja baka, gefen da ke kallon abin harbi, wato baya, miƙewa yake yi, gefen da ke kallon mai harbi, wato ciki, matsewa yake yi, tsakiyar itacen kuwa kusan hutawa take yi. Mafi yawan wahalar miƙewar tana kan fuskar waje ta bayan, saboda haka duk wurin da aka yanke zaren itacen a wannan fuska, daga nan sartse zai ɗago ya bi ta cikin itacen har ya raba shi. Abin da Baba yake kiyayewa ke nan da ya ce kada a taɓa ƙarƙashin ɓawo: zaren yana tafiya daga wannan kai zuwa wancan ba tare da yankewa ba. Turawan Ingila ma haka suka yi da dogon bakansu. Jirgin yaƙin nan Mary Rose da ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an samu cikakkun bakunkuna 137 a cikinsa, kuma masu sassaƙar sun bar farin naman itacen a baya domin yana jure miƙewa, jan ƙwaryar itacen kuma a ciki domin tana jure matsewa, ba tare da sun manna komai ba.

Inda nake ɗan saɓa wa Baba, cikin ladabi, shi ne cewa sandar ta tashi daga aiki. An ƙirƙiro rufin baya ne domin irin wannan sanda. Idan saran gizagon bai yi zurfi ba kuma aka goge shi, rufi zai danne zaren da aka yanke ya hana shi ɗagowa, musamman a baka mai sauƙi na kilo 15. Sai dai kada mai tambaya ya ɗauka rufi yana gyara sassaƙa mara kyau. Idan wani wuri a jikin bakan ya fi sauran siranta, nan ne zai lanƙwashe fiye da ƙima, kuma ko da me aka rufe bayan, cikin zai murƙushe a wurin. A tuna cewa idan aka ninka faɗin itace, taurin lanƙwasarsa yana ninkuwa sau 2, amma idan aka ninka kaurinsa yana ninkuwa sau 8, shi ya sa kankara kaɗan a ciki take sauya komai.

Baduku_Daura:
Ni ɗanyar fatar akuya zan ba da shawara, ba don sana'ata ce ba, sai don ta fi yadi riƙo nesa ba kusa ba. Amma a fahimce ni, ɗanya nake nufi, wadda ba ta shiga bagaruwa ba. Jemammiyar fata laushi gare ta kuma tana miƙewa, saboda haka sartse zai ɗago a ƙarƙashinta ba tare da ta hana shi ba. Ɗanyar kuwa idan ta bushe ƙanƙancewa take yi ta kama itacen gam.

Ga yadda ake yi. A jiƙa fatar a ruwan toka har gashin ya fara zuba da kansa, a kankare gashin da sauran nama da kitsen da ke ciki, a wanke ta sosai har santsin tokar ya fita, sannan a kafe ta a inuwa ta bushe. Wanda ba ya son wannan wahala ya je wurin majema ko masu ɗinkin ganga, suna da ita a shirye. A yanko tsiri biyu bisa tsawon gadon bayan dabbar, kowanne ya ɗan fi bakan faɗi, domin fatar akuya ɗaya ba za ta kai inci 66 ba, sai a haɗa bakinsu a kan mariƙi inda bakan ba ya lanƙwasa. A jiƙa tsirin har ya yi laushi, a wanke shi da sabulu saboda maiƙo shi ne babban abokin gabar gam, a tsane ruwan da tsumma. A shafa wa itacen gam mai ruwa-ruwa ya sha, a ƙara wani, a shimfiɗa fatar gefen nama a ƙasa, a kori iska daga tsakiya zuwa gefe, sannan a naɗe da bandeji ba tare da matsewa da yawa ba, don kada ya bar shaida a jikin fatar. Bayan 'yan sa'o'i a warware bandejin iska ta shiga, a bar shi kamar mako guda kafin a lanƙwasa shi. Fatar sa kuwa a bar ta, ta yi kauri da nauyi, za ta rage wa kibiya gudu a banza.

Matashi_Rimi:
Don Allah ina da tambaya a kan gam. Wanda masu gyaran takalmi suke amfani da shi yana kama fata sosai, me zai hana a yi da shi?

Kafinta_Sabon_Layi:
Ba ya yi. Wannan gam ko ya bushe roba-roba yake zama, yana barin fatar ta zame a kan itacen duk lokacin da aka ja bakan, alhali ana son fatar da itacen su zama abu guda. Ƙaro ma ba ya yi, domin yana farfashewa idan ya bushe kuma yana narkewa da ya ji ruwa.

Abu_Hafsat_Mashi:
Ina mamakin yadda aka yi nisa ba a ba jijiya haƙƙinta ba, alhali tana ƙara wa baka ƙarfi na gaske. Fata da yadi tsaro kawai suke bayarwa. Jijiya tana iya miƙewa ninkin abin da itace zai iya sau da yawa kafin ta tsinke, kuma idan tana bushewa tana janyo bakan ya lanƙwasa ta baya, wanda hakan ke ƙara wa kibiya gudu. Da ita Turkawa da Mongolawa suke rufe bayan gajerun bakunkunansu na kan doki, ƙaho a ciki, itace a tsakiya, jijiya a baya. Mu kuwa a nan ba mu da ƙarancinta: duk wanda ya je kwata da sassafe zai samu agarar sa a wurin mahauta da kuɗi kaɗan, wanda yake kusa da Mai'adua har ta raƙumi yana iya samu, ga kuma lokacin layya. A shanya ta ta bushe ƙarau, a daddaka ta da guduma a kan kututture har ta tarwatse ta zama zare, a tsefe, a kasa ta ƙulli-ƙulli, a jiƙa, a tsoma a gam na fata mai ɗumi, a shimfiɗa ta yadda ƙarshen wannan ƙulli zai faɗa a tsakiyar na kusa da shi.

Malamin_Kimiyya_KT:
Malam Abu Hafsat, duk abin da ka faɗa game da jijiya haka yake, amma ka duba tsawon sandar da ake magana a kai. Amfanin jijiya yana fitowa ne a gajeren baka wanda ake lanƙwasawa sosai har ta miƙe yadda ya kamata. A baka mai inci 66 da za a ja inci 27 ko 28, bayan ba ya miƙewa har ya sa ta aiki, sai ta zama ƙarin nauyi kawai, domin jijiya da gam ɗinta sun fi yawancin itatuwa nauyi. Ga kuma jira: ana shimfiɗa ta hawa biyu ko uku, sannan a bar ta aƙalla wata guda kafin a taɓa bakan. Mai koyo yana bukatar ya ga kibiyarsa ta tashi da wuri, in ba haka ba gwiwarsa za ta yi sanyi.

Abu_Hafsat_Mashi:
To ai sai ya rage sandar zuwa inci 52, ya yanke wurin da gizagon ya fi ɓatawa.

Baduku_Daura:
Gajeren baka ba ya yafe kuskuren sassaƙa, Malam, tsawon nan shi ne rangwamen mai koyo. Kuma akwai maganar damina. Gam na fata da jijiya duka suna shan laima, saboda haka bakan da yake da ƙarfi a watan Janairu zai yi laushi a watan Agusta idan ba a rufe shi da kakin zuma ko banish ba. Ɓera da ƙwari ma suna son sa, wanda ya jingine shi a rumbu zai tarar an yi masa aski.

Ummu_Khalil:
Tun da an ambaci gam na fata sau biyu, a yi mana bayanin yadda ake haɗa shi. Ina kuma tambaya ko babu matsalar tsarki, tun da abu ne da mutum zai riƙa kamawa da hannu mai gumi.

Baduku_Daura:
Hajiya, ba shi da wuya. Ana yayyanka guntayen ɗanyar fata ko ragowar jijiya ƙanana, a wanke, a jiƙa su kwana guda, sannan a ɗora a wuta mai sanyi na sa'o'i masu yawa ba tare da an bari ya tafasa ba, domin tafasa tana kashe ƙarfinsa. Zafin da yatsa zai iya ɗan jurewa ya isa, wato wajen digiri 60. A tace, a ci gaba da ɗumamawa har ya yi kauri. Idan ya huce zai daskare kamar yadda romon ganda yake yi idan ya kwana, kuma abu ɗaya ne yake daskarar da su duka biyun. Game da tsarki, wanda ya haɗa nasa da fatar dabbar da aka yanka ya huta da shakka. Garin da ake shigowa da shi daga waje ne ba a san daga wace dabba aka yi shi ba, wani daga alade ake samunsa.

Tela_Mai_Keke:
Ina so in koma kan shawarar Kafinta, domin ya ce yadi bai ce wanne ba, kuma a nan mai tambaya zai iya yin asara. Duk yadin da ka ja da hannu ka ji yana miƙewa, ko mai roba a ciki, ba zai tsare komai ba. A nemi lilin na gaske ko siliki, in ba a samu ba a nemi auduga mai matsattsiyar saƙa marar kauri. A wanke shi tukuna domin sitacin da ke jikin sabon yadi yana hana gam shiga, kuma a yanka shi bisa tsawon yadin, ba a karkace ba, saboda yankan karkace shi ne ya fi kowanne miƙewa.

Sarkin_Gora:
Ni gora na sani. Tana jure miƙewa sosai, kuma mutanen Japan da ita suke haɗa dogon bakansu wanda ya haura mita 2. A tsaga ta, a fere cikinta har ta koma kamar milimita 3, a manna da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a naɗe da tsohon tif na keke.

Kafinta_Sabon_Layi:
Gora aikin gwani ce, ɗan'uwa. Dole fuskar itacen da ta gorar su zama a shafe sumul kafin su haɗu, wanda yake nufin sai an fere bayan sandar da injin ko da hannu mai ƙwarewa, ga shi gorar da muke samu a nan siririya ce, da wuya a fitar da tsagi mai faɗin inci ɗaya da rabi a shimfiɗe. Idan kuma ta yi kauri ko kaɗan sai ta fi ƙarfin cikin bakan ta murƙushe shi, ka ga ƙananan layuka sun gitta cikin, daga nan kuwa babu gyara. Ba a kuma goge gaɓoɓinta na waje su baje, domin nan zarenta ya fi rauni. Ina ƙara jan hankalin masu koyo kada a sayar musu da gwangwala a matsayin gora, cikinta ɓargo ne mai laushi, ba ta yin wannan aiki.

Dattijo_Kusugu:
Ina karanta ku ina tunanin 'yan bakan da suke fitowa a hawan Sallah da na Gani a nan Daura, da irin bakunkunan da suke rataye da su, babu mai rufi ko ɗaya. Da irinsu aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, inda maharban jama'ar Shehu suka tsaya wa dawakin Gobir. Sai dai a yi adalci: kibiyarmu ta gargajiya ƙyauro ce marar nauyi, ba a jan ta har kunne, kuma dafi ne yake ƙarasa aikin ba ƙarfin bakan ba. Wanda zai ja inci 28 irin na masu wasan harbi na zamani yana tambayar itacen abin da kakanninmu ba su tambaye shi ba. Sannan ɗana mai tambaya, a halin tsaron da jiharmu take ciki, ka sanar da mai unguwa da makwabtan gonarka kafin a gan ka da kwari da baka a bayan gari.

Ɗan_Kofar_Guga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, kuma Baba na Kusugu na ji wannan gargaɗi. Na auna saran gizagon, mafi zurfinsa bai kai milimita 2 ba, saboda haka hankalina ya fi karkata ga fatar akuya da farin gam, idan hakan yana haɗuwa. Abin da ya rage mini shi ne lokaci: kafin in fara kankare cikin ake mannawa, ko bayan na gama? Kuma yaya zan yi da gurbin reshen?

Baduku_Daura:
Yana haɗuwa sarai, farin gam yana kama ɗanyar fata mai danshi, sai dai ya fi na fata jinkirin bushewa a ƙarƙashinta. Yanzu da hunturu ya kusa, ka yi aikin a cikin ɗaki ba a tsakar gida ba, domin iskar tana busar da fuskar gam kafin ka gama shimfiɗa fatar.

Malamin_Kimiyya_KT:
A tsakiyar aikin ake mannawa. Ka fitar da siffar bakan tukuna, faɗin kamar inci ɗaya da rabi daga mariƙi zuwa rabin kowane ɓangare, sannan ya riƙa sirancewa zuwa rabin inci a kai. Ka rage cikin har idan ka kafa kan sandar a ƙasa ka danna ta fara ɗan lanƙwasawa, sai ka tsaya ka manna fatar, ta bushe, sannan ka ci gaba da daidaitawa da doguwar igiya kafin ka ɗaura tsirkiya ta gaskiya. Daga nan duk abin da za ka cire daga ciki za ka cire shi. Ka samu ma'aunin rataya irin na masu awon kaya, kada ka taɓa jan bakan ya wuce kilo 15 ɗin da kake nufi ko da a inci 10 ya kai su, kuma duk inda ka ga ya fi lanƙwasa ka yi masa alama ka bar shi, ka kankare sauran wuraren. Gurbin reshe ba a baje shi. Ka bar masa ɗan tudunsa, ka bar itacen ya ɗan fi faɗi a wurin yadda zaren zai kewaye shi, bayan ka gama kuma kana iya naɗe wurin da zare mai ƙarfi da gam. A tsakiyar hunturu itace yana bushewa fiye da ƙima har bayansa ya yi gautsi, don haka kada ka bar shi a rana ko cikin mota, kuma kada ka saki tsirkiya babu kibiya a kanta.

Abu_Hafsat_Mashi:
Naɗin gurbin reshen dai a yi shi da jijiya, domin tana matsewa da kanta idan ta bushe, abin da zare ba ya yi. Agara guda ɗaya ta isa.

Maharbin_Zango:
Milimita 2 a wurinku kaɗan ne, a wurina sara sara ne. Amma tun da ka riga ka biya kuɗin sandar, yi abin da Baduku ya ce ka koyi kankara a kanta, kuma ranar da za ka fara ja ka sa wani abu ya tsare maka ido. Idan ruwa ya ɗauke sosai ganye ya zuba, ka zo Zango in nuna maka yadda ake gane dargazar da ta isa sara, ka ajiye biyu ko uku su bushe kafin baɗi, ka shafe kawunansu da kakin zuma don kada su tsage.

Matashi_Rimi:
Baba, idan an tashi tafiyar a sanar da mu a nan. Ni kuma reshen bedi gare ni mai tsawon inci 60, ko akwai wanda ya taɓa gwada shi da rufin fata?